Durƙuson Don Tacho

Duk unguwarmu ta Coecillo an san Don Tacho mai ɗinkin takalma da taurin kai, amma wautar da ya tafka ranar Larabar da ta gabaci bikin Dalia, ko matarsa Herminia ba ta taɓa zaton zai iya ta ba.

Anastasio Barajas ne cikakken sunansa. Shekararsa hamsin da takwas, talatin da biyar daga ciki kuwa a kan 'yar kujera guda ya cinye su, a shagonsa da ke ƙasan benensu, ya duƙufa a kan fata da gam da guduma. Hannuwansa kam sai a hankali, in ya gaisa da kai sai ka ƙirga yatsunka. Amma ƙafafu? Ƙafafun nan ba su san wani aiki ba ban da su hau bene a ci abinci, su sauko. Tumbi kuwa ya yi gaba abinsa, albarkacin girkin Herminia.

Tana bazawara ya aure ta, da 'yarta Dalia mai shekara biyar. Uban yarinyar direban babbar mota ne, hanya ta ci shi. Ranar da suka tare, yarinyar ta maƙale a bayan uwarta, ko kallonsa ta ƙi yi. Shi kuma sai ya kalli abin da ya saba kallo a jikin mutane, ya ga takalminta ya matse mata yatsu. Ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya ce ta taka, ya zagaye 'yar ƙafar da fensir. Tun daga ranar, duk shekara sai ya zana ƙafarta ya ɗinka mata sabo. Takardun suna nan cikin wani tsohon gwangwanin biskit, guda goma, kowace ta ɗara 'yar'uwarta.

Shekara goman nan kuwa Don Tacho take kiransa, yadda mai kawo gas yake kiransa, yadda kowa yake kiransa. Bai taɓa cewa ta canza ba. Ya ce ba a roƙon yaro ya kira mutum Baba. Amma abin yana cinsa, kuma Herminia ta san yana cinsa.

To, ga bikin cikarta shekara sha biyar ya matso. A al'adarmu, in an dawo daga coci, yarinya takan zauna a kujera tsakiyar fili, ubanta ya zo da takalmi mai tsini a kan matashi, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya cire mata na yarinta ya sa mata na 'yanmata, ya miƙe ya kama hannunta su buɗe rawa. Wadda ba ta da uba, ɗan'uwan uban ne yake tsaya mata. Kowa ya ɗauka Rigoberto ne zai yi, ƙanen marigayin, mutum dogo mai buga ƙwallo duk Lahadi har yanzu. Shi kansa Rigo har ya kai kwat ɗinsa wajen mai guga. Sai wata rana ana cin abinci, Dalia tana yagar tortiya, wainar masarar nan tamu, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Don Tacho ne zai canza mini takalmi."

Don Tacho ya ajiye cokali, ya sauka shago. Ya yi awa guda. Da ya hawo idanunsa sun yi ja, ya ce warin gam ne.

Sati uku ya yi yana ɗinkin takalmin, ya hana kowa gani. Farar fatar ɗan akuya ce mai laushi, tsinin ya kai tsawon ɗan yatsa. Kuma da yake ya san Dalia takun soja gare ta, sai ya zura siririn ƙarfe a cikin kowane tsini. Da ya faɗa a wajen cin abinci Herminia ta riƙe haɓa.

"Tsoho, yarinya ce fa za ta sa, ba alfadari ba."

"Ke dai ki bari. Tsinin nan ko mutum biyu ya ɗauka ba zai ce uffan ba."

"Allah ya shirye ka da cika baki."

Ranar Talata aka je gwaji a zauren da aka kama. Dalia ta zauna, ƙawayenta suka jeru, Don Tacho ya taho da matashi ba komai a kai, ya durƙusa lafiya lau. Tashin ne ya zama aiki. Ya yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya cafki hannun kujerar, kujerar ta karkace, saura ƙiris ya kifar da yarinyar. 'Yanmata suka tuntsire da dariya. Rigo, da ya zo kallo, ya ce, "Don Tacho, ko mu yi hayar motar ɗaga kaya ranar Asabar?" Aka ƙara wata dariyar. Shi ma ya yi, ta dole. Amma ya saci kallon Dalia, ya ga ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Zuciyarsa ta ce masa, ka gani ko, ka ba ta kunya.

Saboda haka ranar Laraba, Herminia na fita kasuwa, Dalia na tafiya makaranta, ya rufe shago ya hau can saman bene inda ake shanya. Ya saɓa naɗin fata a kafaɗa don abin ya yi nauyi. Ya durƙusa a gwiwar dama, ya tashi. Ya durƙusa a ta hagu, ya tashi. Da farko da ƙyar, yana dafa bango. Daga baya jiki ya yi zafi, abin ya fara tafiya, ya ce ashe ma wasa ne. A talatin ya ji shi kamar saurayi. A sittin gumi ya jiƙe singiletinsa, mai hankali da nan zai tsaya. Sai ya tuna motar ɗaga kaya, ya ƙara ƙaimi. Ɗari da ashirin ya yi, bawan Allah, mutumin da rabonsa da motsa cinya tun yana saurayi! Ya gama ya tara kansa a famfon tanki, ruwan sanyi ya kwarara masa har gadon baya, ya sauko ya shanye kwalbar lemo mai raɓa. Ƙafafun suna ɗan rawa, amma yana fito yana jin kansa. Bai san ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Ranar Alhamis da safe ya farka, ya ce bari ya sauko da ƙafa daga gado.

"Herminia! Herminia, zo! Na shanye!"

Ta shigo da gudu, ludayi a hannu. Ta tarar da shi ya rungume cinyoyinsa biyu, ido waje. Cinyoyin sun yi tsami, sun yi tauri, ko yatsa aka ɗora sai ya yi ƙara. Ɗuwawu ma ba su bar shi ba. Zuwa banɗaki ya zama tafiyar yini. Zaman kuwa, sai da ya kama ƙofa da hannu ɗaya, famfo da ɗaya, ya saki kansa ya faɗa kamar buhun masara, yana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo sauka shago, matakalar farko ta nuna masa iyakarsa. Sai juyawa ya yi ya sauka da baya da baya, yana riƙe da ƙarfen gefe.

Herminia ba yarinya ba ce. Ta tsare shi a ƙasan matakala.

"Me ka yi jiya?"

"Ni? Aiki."

"Wane aikin ne ya kai naɗin fata wajen shanyata?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗa mata duka, har ɗari da ashirin ɗin. Ta saurara tana kaɗa kai. Sai da ya kai wajen famfon tanki da lemo mai sanyi ta saki ludayin.

"Wayyo ni! Da gumi a jikinka? Ka zuba ruwan sanyi da gumi a jikinka? Tsoho, uwarka ba ta gaya maka komai ba ne a duniya? Ai sanyi ne ya shige ka! Haka ya yi wa mijin yayata, ya gama guga ya buɗe firij, har ya mutu bakinsa a karkace yake!"

"Ina ga dai durƙuson ne ya..."

"Rufe mini baki. Durƙuso yana kashe mutum ne? Mu da muke yinsa kullum a wajen goge daɓe?"

Ta mayar da shi sama, ya sha wata azabar. Ta kwantar da shi, ta lulluɓe shi da barguna biyu, ta rufe tagogi, ta hana shi wanka, ta hana shi motsi. Watan Mayu ne fa, zafin da kare ma yake neman inuwa. Ta dafa romon kaza da barkono ta ɗura masa. Haka ya yini yana dahuwa, yana kallon silin, yana ƙirga kwanaki. Biyu suka rage. In bai iya durƙusawa ya tashi ba, Rigo ne zai sa wa Dalia takalmin da shi ya ɗinka, shi kuwa yana gefe yana tafi tare da baƙi. Da ya hango haka sai ya juya fuska bango. Ciwon cinyar bai kai wannan ba.

Ranar Juma'a ya tashi ya fi jiya lalacewa. Ya sandare kamar katako. Nan Herminia ta tsorata, ta aika aka kira Doña Chole.

Doña Chole mai tausa ce, tsohuwa 'yar ƙarama, ta haura saba'in, amma babu targaɗen da ya taɓa gagararta a unguwar. Ta shigo da jakarta, ta shaƙi iskar ɗakin, ta yamutsa fuska.

"Wa ya mutu? Ku buɗe tagar nan."

"Sanyi ne ya shige shi, Doña Chole. Ya yi wanka da gumi."

"Da gumi? Kai, ɗan nan, ba ka da hankali." Ta yaye bargunan. "Sanyin kam ya shiga, wannan babu musu. Amma ke ma, 'yar nan, kin kusa ƙarasa shi. Wa ya ce miki ana kwantar da tsamin jiki? Ai kwanciya yake so, ya samu wurin zama."

Ta latsa gwiwa, ta murɗa idon sawu, ta bi ƙashi da babban yatsa. Ta ce babu abin da ya karye, babu abin da ya goce. Naman ne ya yi fushi, an sa shi aikin shekara a rana ɗaya. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri ta gasa cinyoyin da tawul, sannan ta lakato man arnika, maganin tsamin jiki mai ƙarfin wari, ta fara murzawa daga gwiwa zuwa sama. Ihun da Don Tacho ya yi, mai sayar da lemun zaƙi a bakin titi sai da ya leƙo.

"Yi shiru, ƙaton banza. Mata suna haihuwa ba su yi wannan ba."

"Doña Chole, don girman Allah, a hankali!"

"Da kake ɗari da ashirin a hankali ka yi?"

Ashe labari har ya kai mata. Da ta gama ta wanke hannu, ta jera masa dokoki. Ya ci ayaba, ya sha ruwa da yawa, ba mai sanyi ba. A gasa shi safe da yamma. Kuma ya tashi ya yi tafiya, sannu sannu, zagaye huɗu a lambun bakin coci, ko yana kuka.

"Gobe zan iya durƙusawa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Ta ɗauki jakarta. "Durƙusawa kam, ko buhu yana iyawa. Tashin ne ban sani ba. Irin wannan kwana huɗu yake yi, biyar. Ba ya jin roƙo."

Da azahar Rigo ya kawo akwatunan lemon biki. Ya shigo daidai lokacin da Don Tacho yake saukowa da baya, yana nishi a kowace matakala. Rigo ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Ya ajiye akwatin, ya jira har mutumin ya iso ƙasa.

"Don Tacho, maganar da na yi ranar Talata, wasa nake yi."

"Na sani."

"Amma ka ga, mutum ɗari biyu za su zo. Ga masu ɗaukar hoto. Abin da aka ɗauka gobe shi za ta riƙa kallo har ta tsufa." Ya sosa ƙeya. "Ba ƙwace nake so in yi maka ba. Ka riƙe ta, kowa ya shaida. Amma in ƙafar ta ƙi, ina nan. Yayana ma zai so a ce wani nasa ya..." Bai ƙarasa ba, ya juya yana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Da Rigo ya yi gatse ne, da Don Tacho ya san abin da zai ce masa. Amma mutumin gaskiya ya faɗa, kuma kewar ɗan'uwansa ce take cinsa. Don Tacho ya ce zai yi tunani.

Da la'asar sakaliya Dalia ta leƙo shagon. Tana sanye da wandon makaranta da wani tsohon takalmin uwarta mai tsini, tana tangaɗi a kai.

"Mama ta ce in kai ka lambu. Ni ma an ce in koyi tafiya da wannan masifar."

Haka suka fita. Kai, wanda bai ga wannan tafiya ba ya yi asarar kallo. Shi yana jan ƙafa a wawware kamar mai sabuwar kaciya, ita tana dogara tsini tana lanƙwashewa, kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa, ba a san mai tallafar wani ba. Masu shaguna suka fito ƙofa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Don Tacho, saura ɗari da ashirin!" Ya yi kamar bai ji ba.

Zagayen farko azaba ne. A na biyu ya ji cinyoyin sun fara ɗumi. A na uku, ikon Allah, sai ga shi yana ɗaga ƙafa kamar mutum. Sai dai maganar Rigo tana nan daram a ƙirjinsa. Da suka zo wajen bencin da ke ƙarƙashin bishiya ya tsaya.

"Dalia, baffanki Rigo ya fi ni ƙafa. In kina so gobe shi ya..."

Ta zare hannunta daga nasa. "In ba ka so ne, ka faɗa mini kawai."

"Ni? Ni ne ba na so?"

"To me ya kawo maganar Baffa?"

"Ranar Talata na ba ki kunya. Na ga kin sunkuyar da kai."

Ta dube shi kamar ta ga sabon mahaukaci. "Na sunkuyar da kai ne don kada in yi wa Baffa rashin kunya a gaban mutane. Shi ke nan? Saboda wannan ka hau sama ka kusa kashe kanka?"

Ta kau da kai, leɓenta yana rawa, ya ɗauka kuka za ta yi. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Ɗari da ashirin! Da naɗin fata a kafaɗa! Matar maƙwabcinmu Don Lupe ta gan ka daga samansu, ta ce ta ɗauka alkawari ka yi wa wani waliyyi."

"Munafukar tsohuwa."

"Taho. Doña Chole huɗu ta ce, uku muka yi."

Ranar Asabar ya sauko bene yana kallon gabansa, karo na farko tun Laraba. Herminia ta yi guɗa a saman matakala. An gasa shi, an murza shi, ya ci ayaba har ta ishe shi. Ya sa kwat, ya fesa turare, amma duk inda ya gifta warin arnika ne yake fara isa. Kafin su fita ya gwada rabin durƙuso a shago, cinyoyin suka yi masa gargaɗi, ya miƙe da sauri. Ya gane guda ɗaya tak ya rage masa a jiki, in ma akwai. Shi ya sa a coci, da kowa ya durƙusa, shi ya zauna a bakin benci ya sunkuyar da kai. Herminia ta zungure shi. Ya raɗa mata cewa Allah ya san halin da ake ciki.

Ƙarfe biyar zauren ya cika maƙil. Aka ci, aka sha, aka share tsakiyar fili, aka ajiye kujera. Dalia ta zauna cikin wata rigar ruwan hoda mai faɗin gaske, ta baje har ta rufe ƙafafun kujerar. Mai magana da lasifika ya kira Don Anastasio Barajas. Ya taho da matashin a hannu biyu, fararen takalman suna kai, sai a lokacin mutane suka fara ganinsu. Mata suka yi ta miƙa wuya. Rigo yana tsaye a sahun gaba cikin kwat ɗinsa mai guga.

Ya iso gabanta. Ya ja numfashi, ya tura ƙafar dama baya, ya sauka. Wuta ta tashi daga gwiwa har ƙugu, amma ya isa ƙasa ba tare da ya faɗi ba, ko ƙara bai yi ba. Daga nan kuma aikinsa ne, babu mai koya masa. Ya ɗage bakin rigar kaɗan, ya zare takalmin yarinta, wanda shi ya ɗinka bara. Ya tallafi dunduniyarta a tafin hannunsa. Ƙafar nan da ya fara zagayewa da fensir ba ta kai tsawon tafinsa ba, yau ga ta ta cika hannu. Ya zura ta dama, ya zura ta hagu, ya ɗaura maɗaurin. Suka zauna cif, ko iska ba ta shiga. Aka ɗauki tafi.

Makaɗa suka saki kiɗan rawar. Don Tacho ya dafa gwiwarsa ya yunƙura.

Babu abin da ya motsa.

Ya sake yunƙurawa, ya cije, jijiyar wuyansa ta fito. Ya ɗago kamar taƙi ɗaya, cinyar ta yi karkarwa ta sake shi, ya koma. Kujerar tana nan kusa da hannunsa, amma ya rantse ba zai sake kama ta ba. Tafin ya fara raguwa. Kiɗa yana tafiya, babu masu rawa. Wani yaro ya yi dariya aka buge masa baki. Ta gefen ido ya ga Rigo ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa, ya tako ɗaya, ya tako biyu. Shi ke nan, ya ce a ransa. Ya yi rabi, wani zai ƙarasa. Gumi ya gangaro masa cikin ido, kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sai rigar ta motsa. Dalia ta miƙe tsaye a kan sabon tsininta. Ta ɗaga wa baffanta tafin hannu, ba da faɗa ba, Rigo ya tsaya cak. Ta sunkuyo har ɗan kambin kanta ya kusa taɓa goshin Don Tacho, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, tsinin nan da gaske zai ɗauki mutum biyu, ko cika baki ne?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Zai ɗauka," ya ce da ƙyar.

"To riƙe ni."

Ta kama damatsansa, shi ma ya kama nata. Ta ware ƙafa a ƙarƙashin rigar, ta kafe tsinin a daɓe, ta ja da baya da dukkan nauyinta, takun sojan nan ya yi rana. Ya taso. Nishin da ya yi, tafi da ihun mutane ne suka rufa masa asiri. Herminia tana kuka tana dariya tana dukan kafaɗar Doña Chole. Rigo ya koma sahunsa, yana tafi da ƙarfi fiye da kowa, yana share ido da bayan hannu.

Shi kuwa gogan, ka san abin da ya fara yi da ya tsaya da ƙafafunsa? Leƙa ƙasa ya yi ya duba tsinin. Suna nan tsaye kyam, ko gezau.

"Ban gaya miki ba?" ya ce.

"Ka gaya mini. Sa hannunka a nan, ana kallonmu."

Suka fara juyawa, a hankali, kiɗa yana gaba suna binsa a baya. Kowane taku sai cinyarsa ta amsa, bai ko kula ba. Sun yi rabin fili kafin ya samu muryarsa.

"Dalia. Me kika ce ɗazu?"

"Na ce ka riƙe ni."

"A'a, kafin nan."

"Na tambaye ka tsini."

"Kafin tsinin."

Ta kau da kai tana kallon fitilun zauren, kunnuwanta sun yi ja. "Ka ji ni sarai."

"Kiɗa ya yi yawa. Kin san kunnen tsoho."

Suka kai ƙarshen fili suka juyo. Sannan ta matse hannunsa, ta yamutsa hanci.

"Baba, warin arnika kake yi. Kuma ka taka mini riga."

Ya ɗage ƙafar. Hawaye suna zuba har cikin gashin bakinsa, a gaban mutum ɗari biyu da masu ɗaukar hoto, kuma yau babu gam a kusa da zai ɗora wa laifi.